Kare Shugabancin Bulokcen Maras Cibiya daga Hannun Hukuma: Nazarin Shari'o'in Ooki DAO da Tornado Cash

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda kotunan Amurka da Holan suka tunkari ƙungiyoyin bulokcen da masu tokin ke gudanarwa ta hanyar ƙuri'a, wato DAO. Hujjarta ita ce, hannun hukuma bai cika kaiwa ga manhajar da ba ta sauyuwa ba, amma yakan cafke duk mai ikon sauya ta.

Ƙuri'a da Alhaki

A watan Satumba na 2022 hukumar CFTC mai kula da kasuwar hajoji a Amurka ta maka Ooki DAO a kotu. Zarginta shi ne, waɗanda suka kafa kamfanin bZeroX sun miƙa ragamar manhajarsa ga masu tokin, waɗanda daga baya suka zama Ooki DAO, domin a rasa wanda za a tuhuma. Dabarar ba ta ci ba. A watan Yuni na 2023 wata kotun tarayya a Kalifoniya ta ɗauki ƙungiyar a matsayin wadda za a iya ƙara duk da ba ta da rajista, ta ci ta tarar dala 643,542, ta kuma ba da umarnin rufe shafinta. Rashin rajistar da aka zata garkuwa ce shi ya bar masu ƙuri'a a fili, domin babu kamfanin da zai tsaya tsakaninsu da bashin ƙungiya.

Manhajar da Ba Ta da Mai Ita

Lamarin Tornado Cash, tsarin ɓoye sawun kuɗin kirifto, ya sha bamban. Ma'aikatar Baitulmalin Amurka ta ƙaƙaba masa takunkumi a ranar 8 ga Agusta, 2022, bisa zargin halasta kuɗin haram. Sai dai a watan Nuwamba na 2024 kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar Van Loon, ta ce yarjejeniyoyinsa masu zartar da kansu da ba sa sauyuwa ba dukiyar kowa ba ne, tun da ko marubutansu ba sa iya taɓa su. An ɗage takunkumin a watan Maris na 2025.

Manhaja ta kuɓuta, mutane ba su kuɓuta ba. Kotu a Holan ta ɗaure Alexey Pertsev, ɗaya daga cikin marubutan manhajar, watanni 64 a Mayun 2024, kuma a Agustan 2025 aka samu abokin aikinsa Roman Storm da laifi guda a birnin New York. Akwai ma abin da masu kururuwar tsoron gwamnati ba sa son tunawa: a Mayun 2023 wani ya ƙwace shugabancin Tornado Cash da ƙudurin yaudara da masu tokin suka amince da shi da kansu.

Abin da Binciken Ya Gano

Kariya biyu ce ke da tushe. Ta farko, a taƙaita abin da ƙuri'a ke iya sauyawa tun daga rubuta manhaja. Ta biyu, a yi wa ragowar ikon rigar doka, kamar yadda jihar Wyoming ta tanada a 2021 da 2024 don iyakance alhakin mambobi. Wannan ta biyun miƙa wuya ce ga wata hukuma, ba shakka, amma a ra'ayin mai wannan bincike ta fi ɓuya aminci. Ooki DAO ba ta halarci kotu ba, an kuma yanke mata hukunci a bayan idonta.