Yadda Horon Gudu-da-Hutu Ya Shiga Bargar Dawaki

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna nan Kudu abincinsu a gindin doki yake, musamman masu kula da dawakin folo a Ikko da Badun. To, akwai wata hanyar horar da doki da Turawa suka daɗe suna bi, wadda za mu iya kira horon gudu-da-hutu. Watau maimakon a saki doki ya yi ta sukuwa har ya galabaita, sai a yanka gudun gunduwa-gunduwa, a sa ɗan hutu a tsakani, a sake tayar da shi tun bai gama hucewa ba. Abin mamaki, ba a barga aka ƙago ta ba. A kan mutane aka fara.

Cikin shekarun 1930 wani Bajamushe mai horar da 'yan tsere, Woldemar Gerschler, shi ne ya tsara ta, ya kuma yi aiki tare da wani likitan zuciya, Herbert Reindell. Ƙa'idarsu ita ce mutum ya yi gudu har bugun zuciyarsa ya kai wajen 180 a minti ɗaya, sannan ya sassauta har ya sauko 120, sai ya sake. In an yi minti ɗaya da rabi bai sauko ba, to aikin ya yi masa yawa. A ganinsu, a cikin wannan ɗan hutun ne zuciya ke ƙara girma da ƙarfi. Yaron Gerschler, Rudolf Harbig, ya yi gudun mita 800 cikin minti 1 da daƙiƙa 46.6 a Milan a 1939, kuma sai a 1955 aka samu wanda ya fi shi. Emil Zatopek ma da irin wannan horo ya cinye zinariya uku a Olamfik na Helsinki a 1952.

Su kuwa masu dawaki suna da wata gasa da ake kira ta kwana uku. Asalinta jarrabawar dokin soja ce, shi ya sa da ta shiga Olamfik a Stockholm a 1912 hafsoshi kaɗai suka hau. Ranar farko a gwada ladabin doki da biyayyarsa ga linzami. Rana ta biyu ita ce mai wuya: a da tafiya ce ta fiye da kilomita 20, a ciki har da sukuwa ta mita 690 a minti, sannan a shiga daji ana tsallake kututture da rami da ruwa. Rana ta uku a sa shi tsallake sanduna a fili, a ga ko da sauran ƙarfi a jikinsa. Ka ga dokin da zai yi wannan, kilisar yamma kaɗai ba ta isarsa. In kuma aka ce kullum sai an yi masa doguwar sukuwa, ƙafafunsa za su ƙare tun ranar gasa ba ta zo ba.

Mutumin da aka fi dangantawa da warware wannan matsala shi ne Jack Le Goff, Bafaranshe, wanda ya fito daga makarantar sojan doki ta Saumur, ya kuma hau wa ƙasarsa a Olamfik na Rum a 1960. A 1970 Amurka ta ɗauke shi ya horar da mahayanta. Nan ya ɗauko dabarar 'yan tsere ya ɗora wa doki, da agogo a hannu. Alal misali, doki ya yi matsakaicin gudu, kamar mita 400 a minti, na minti biyar, ya yi tafiya minti uku, a maimaita sau uku. Ba kullum ba, sai bayan kwana huɗu-huɗu, sauran kwanakin aiki mai sauƙi. Mako-mako ana ɗan ƙara mintoci ko sauri. Sakamakon bai ɓuya ba. Amurka ta ci gasar duniya a Burghley ta Ingila a 1974, ta ci zinariya a Montreal a 1976, ta sake ci a Los Angeles a 1984, shekarar da ya ajiye aikin. Ya rasu a 2009.

Masu tseren dogon zango su ma sun kama. Wannan wasa ya samo tushe a Kalifoniya a 1955, lokacin da Wendell Robie ya nuna doki na iya cin mil 100 na duwatsu cikin kwana ɗaya, abin da ya zama gasar Tevis. A manyan gasannin duniya kilomita 160 ake yi, ana tsayawa zango-zango likitan dabbobi ya duba. Doki ba ya wucewa sai bugun zuciyarsa ya sauko 64, kuma agogo na ci gaba da ƙirga masa lokaci har a gabatar da shi. Watau wanda ya riga hucewa ya riga tashi. Ma'aunin Gerschler ke nan ya koma dokar wasa.

Amma fa a nan gizo ke saƙa. Doki an halicce shi da zuciyar gudu: yana tsaye tana bugawa 30 zuwa 40, yana sukuwa ta haura 200, ga saifarsa na ajiye jini tana saki idan gudu ya yi gudu. Zuciya da tsoka cikin 'yan makonni suke karɓar horo. Jijiyoyin ƙafa da ƙashi kuwa sai an yi watanni. Sai mai doki ya ga numfashi ya daidaita da wuri, ya ɗauka an gama, ya ƙara sauri, jijiyar ƙafar gaba ta tsinke. Irin wannan rauni kan ɗauki kusan shekara, kuma sau da yawa yakan dawo. Shi ya sa masana ke cewa a fara da watanni na doguwar tafiya da sassarfa kafin a taɓa agogo. A ganina wannan sashe ya fi duk lissafin mintocin muhimmanci, kuma shi ne masu gaggawa ke tsallakewa. Hannun mai kula da doki, da yake shafa ƙafa kowace safiya yana neman zafi ko kumburi, yakan gano abin da agogo bai faɗa ba.

Sai batun zafi, wanda ya shafe mu nan inda gumi ba ya bushewa. Bayan dawaki sun sha wuya a Basalona a 1992, an yi bincike sosai kafin Atlanta a 1996, aka tabbatar kwarara wa doki ruwan sanyi, har mai ƙanƙara, ba ya cutar da shi, hasali ma shi ya fi saurin sauke masa zafi. A da tsoron yin haka ake yi.

A Olamfik na Atina a 2004 aka cire doguwar tafiyar da sukuwar daga rana ta biyu, aka bar tsallaken daji kawai. Wasu sun zaci horon zai sassauta, amma dokin da zai yi minti goma ko fiye yana cin mita 570 a minti, yana tsallake shingaye, har yanzu da gudu-da-hutu ake shirya shi.