Tafkin Tiga: Yadda Ruwa Ya Zo Ya Same Mu

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a Kano, Kaduna, Abuja ko Ikko, idan aka kawo su gida hutu suka hango Tafkin Tiga shimfiɗe a tsakanin duwatsu, sukan ɗauka haka Allah Ya halicci wurin tun fil'azal. Alhali kuwa har yau akwai dattawa a cikinmu da suka yi noma da kiwo a filayen da ruwa ya rufe, suka kuma binne iyayensu a can. Tafkin bai wuce shekara hamsin da 'yan kai ba.

Asalin ruwan shi ne Kogin Kano, wanda ke gangarowa daga tsaunukan kudu, ya ratsa dajin Falgore, ya nufi arewa inda yake haɗuwa da Kogin Challawa su zama Kogin Haɗeja. A da, kogin damina ne: ya cika ya batse a watan Agusta, rani na yi ya koma rairayi, sai an yi tono a sami na sha. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Bako ya ɗauki tare ruwan damina a matsayin babban aikinsa. Aka fara da ƙaramin dam na Bagauda, sannan aka shiga na Tiga a 1971, aka kammala a 1974, wato a daidai shekarun da fari ya addabi ƙasashen Sahel, dabbobi suka yi ta mutuwa. Bangon dam ɗin, wanda aka yi da ƙasa da dutse, ya kai kimanin kilomita 6 a tsawo da mita 48 a tsaye, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2.

Abin da littattafan gwamnati ba su cika tsayawa a kai ba shi ne mutanen da ruwa ya tasa. Dubban jama'a ne suka bar gidajensu da gonakinsu, musamman fadamu masu albarka na gefen kogi, aka mayar da su kan tudu. Diyyar gida abu ne da ake iya lissafawa, amma wa zai yi wa kuka da ɗorawa da tsamiyar da kaka ya bari kuɗi? Dangi da suka zauna unguwa ɗaya shekara da shekaru suka rarrabu. Wasu suka karɓi sabon mazauni, wasu suka bi 'yan'uwa zuwa ƙasar Rano da Tudun Wada, wasu kuma suka shige birni. A cikin masu karanta wannan mujalla a yau akwai waɗanda tashin nan ne ya fara raba gidansu da ƙauye.

Sai kuma bakin ruwan ya haifar da nasa zaman. Aikin dam ya jawo leburori, direbobi, makanikai da masu sayar da abinci, da yawansu ba su koma ba. Aka sami rukunin gidajen ma'aikata, masu bulo da kwano, a gefe guda, ga kuma gidajen ƙasa na mutanen gari. Masunta suka kafa sansani a gaɓa, da kwale-kwalensu da komarsu da murhun banda, har yaran da iyayensu ba su taɓa riƙe filafili ba suka tashi suna kama karfasa da tarwaɗa. Ruwan bai zo da alheri kaɗai ba: sauro ya ƙaru, tsargiya kuma ta zama cutar yaran da ke wanka a gaɓa da magudanai.

A wajen shaƙatawa kuwa, burin Audu Bako babba ne. Aka gina otal na Rock Castle a kan dutse yana kallon tafkin, aka gina na Bagauda a bakin nasa ruwan, ga gandun namun daji na Falgore a kudu. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, lokacin da naira ke da daraja, manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da Turawan kamfanoni sukan baro Kano, tafiyar kimanin kilomita 70, su yi hutun ƙarshen mako a nan. A Bagauda kuma ake yin manyan tarurruka. Gaskiyar magana, ɗan gari ba shi ne ake gina wa waɗannan wurare ba. Rabonsa shi ne aikin gadi, shara, ko sayar da kifi a bakin ƙofa. Duk da haka ya fi babu, kuma da wuraren suka mutu, shi ya fara ji a jikinsa.

A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, Tiga ya koma hannun Hukumar Haɗeja-Jama'are. Tun daga nan al'amarin ya rabu biyu: ruwa da dam na tarayya, otal da filaye na jiha. A watan Agusta na 1988 dam ɗin Bagauda ya ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, aka yi asarar rayuka da dubban gidaje. Tsoron kada irin haka ta faru da babban wansa ya sa a 1992 aka rage tsawon mafitar ambaliyar Tiga da mita 3.5, abin da ya rage ruwan da yake riƙewa, gaɓar ma ta ja baya. Otal ɗin Bagauda ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya a farkon shekarun 2000, Rock Castle ya yi ta shan gyara da watsi, Falgore kuma wajen 2015 ya fi shahara da ɓarayin shanu fiye da namun daji.

Wani abin lura shi ne, mafi yawan amfanin ruwan a ƙasa da mu yake. Shi ke shayar da gonakin shinkafa, alkama da tumatir a Kadawa, Kura, Garun Malam da Bunkure, shi ke kaiwa matatun ruwan birnin Kano. Can gaba kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, manoma da masunta sun daɗe suna kukan cewa Tiga da dam ɗin Challawa na 1992 sun rage musu ambaliyar damina, sun kuma bar kachala ta toshe musu hanyoyin ruwa. Kowa da nasa kukan.

Namu a yau shi ne na gaɓa. Duk wanda ya tara abin hannunsa a birni yana sha'awar fuloti mai kallon ruwa, kuma ba laifi ba ne. Amma kafin mu biya kuɗi, ya kamata mu tambayi iyakar da hukuma ta ware wa dam, da inda ruwa yake kaiwa a shekarar da ya cika, domin ramin da aka gani busasshe a watan Afrilu yana iya zama tafki a Satumba. Haka nan mashayar dabbobi da mashigar masunta sun riga katangar kowa. Batun kwale-kwale ma yana nan: hatsarin da ya auku a dam ɗin Watari da ke Bagwai a watan Nuwamba na 2021, inda mutane fiye da 20 suka rasu, galibinsu ɗaliban Islamiyya, lodin da ya wuce kima ne sanadinsa. Rigar ruwa ba ta kai kuɗin ragon Layya ba, kuma reshen birni guda ɗaya zai iya sayen wadda za ta ishi mashiga guda.