Tarihin Tsiyaye Ruwan Lagireto a Tsofaffin Motoci

Nufinmu a wannan takarda shi ne mu bi asalin wata al'ada ta masu gyaran mota, watau tsiyaye ruwan lagireto, a ɗauraye cikinsa, a zuba sabo. Aikin ba ya cin fiye da sa'a ɗaya ko biyu, amma dalilai uku ne suka kawo shi, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya san na farko kaɗai yakan zaci shi ke nan, wannan zato kuwa ya kashe injuna masu yawa.

Man da ke ƙonewa cikin inji, abin da bai wuce sulusin ƙarfinsa ba ne ke tura mota. Wani kashi ya bi hayaƙi, saura ya shige jikin ƙarfe ya zama zafi, ruwa kuwa shi ke kwashe shi. Motar da Karl Benz ya yi wa rajista a Jamus a shekara ta 1886 ba ta da lagireto irin wanda muka sani. Ruwan yakan tafasa a jikin silinda ya tashi, in ya ragu a ƙara. Sa'ad da matarsa Bertha ta tuƙa ɗaya daga motocinsa daga Mannheim zuwa Pforzheim a 1888, tafiyar fiye da kilomita 100, sai da ta riƙa tsayawa neman ruwa a hanya. A wannan zamani babu zancen tsiyayewa, gama ruwan ba ya daɗewa balle ya ɓaci.

Abin ya sake a 1901, da motar Mercedes ta fito da lagireto mai kamar saƙar zuma, ƙirar Wilhelm Maybach. Siraran bututu ne dubbai, iska na ratsa cikinsu, ruwa na kewaya bayansu, ya huce ya koma inji. Tun daga nan ruwa guda ya riƙa zama cikin mota wata da watanni, wahalolin zamansa kuwa suka taso.

Wahala ta fari ita ce sanyi. Ruwa in ya daskare yakan kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100, ƙarfinsa kuwa ya isa ya tsaga jikin inji. A Turai da Amurka ta Arewa dare ɗaya na hunturu ya isa wannan ɓarna. Saboda haka mai mota irin Ford Model T, wadda aka ƙera fiye da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927, yakan buɗe makunni a gindin lagireto da dare, da safe ya ɗura ruwan zafi. Wannan shi ne dalili na farko.

Ganin wuyar wannan aiki sai aka shiga gauraya ruwan da abin da zai hana shi daskarewa. Wanda aka fi amfani da shi wani sifirit ne mai suna metanol, sai dai yana tafasa a digiri 65, alhali ruwa sai ya kai 100. Da gari ya yi ɗumi sai ya bi iska, ko ya sa mota ta tafasa. Don haka akan zuba shi da shigowar hunturu, a tsiyaye da fitarsa, wannan kuwa shi ne dalili na biyu. Maganinsa ya zo daga wani ruwa mai kauri, etilin gilaikol, wanda masanin Faransa Charles-Adolphe Wurtz ya fara haɗawa a 1856. A 1927 aka fara sayar da shi a Amurka da sunan Prestone. In aka gauraya shi rabi da rabi da ruwa, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kimanin digiri 37 ƙasa da sifiri, kuma ba ya tashi da zafi.

To, da an ce ƙarshen tsiyayewa ke nan, sai dalili na uku ya bayyana, watau tsatsa. Lagireton tsohuwar mota na jan ƙarfe ne da tagulla, an liƙe da dalma. Jikin injin ƙarfen zubi ne, kansa kuwa sau da yawa alminiyam. Ƙarafa dabam-dabam in suka haɗu cikin ruwa guda sukan zama kamar batir, wani ya ci wani. Shi kansa gilaikol, in zafi da iska suka daɗe suna dukansa, yakan yi tsami ya ƙara cin. Shi ya sa masu yinsa suka riƙa zuba masa gishirin silikat da fosfat, masu shafe cikin ƙarfe su kāre shi. Amma waɗannan sukan ƙare cikin kimanin shekara biyu, ko da launin ruwan bai sake ba. Har wa yau ruwa mai gartsi yakan bar farin ɓawo kamar na cikin butar shayi, ya toshe siraran bututun nan.

Bayan haka maƙera sun yi ta neman tsawaita kwanan ruwan. Wajen 1940 murfi mai riƙe tururi ya fara yaɗuwa, ya ɗaga awon da ruwa ke tafasa. A 1961 Renault 4 ta fito da lagireto rufaffe mai kwalbar karɓar ruwan da ya kumbura. Bayan 1990 aka fito da sabon haɗi mai kai shekara biyar, amma don lagireton alminiyam da roba aka yi shi, masana tsofaffin motoci kuwa ba su so a zuba shi inda akwai jan ƙarfe da dalma. Kowace mota tana bukatar ruwan zamaninta.

A nan ne zancen ya shafe mu. Peugeot 404 da 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, jikin injinsu ƙarfen zubi ne, kansu alminiyam. Ruwa ba ya daskarewa a Kano ko Damagaram, saboda haka mutum ya ji an ce maganin daskarewa sai ya ga bai shafe shi ba, ya ɗura ruwan rijiya zalla. Dalili na farko da na biyu lalle ba namu ba ne, amma na uku namu ne, gama zafi ƙara wa tsatsa sauri yake yi. Ƙarshenta famfon ruwa ya yi yoyo, lagireto ya toshe, gaskit ya ƙone.

Yadda ake aikin bai sake ba tun tuni. Sai inji ya huce sarai kafin a taɓa murfi, don ruwan da ke matse yana iya feso wa mutum. A buɗe makunnin gindin lagireto, a kuma kwance toshin da ke jikin inji, gama a can laka ta fi taruwa. A cire tamostat, watau bawul ɗin da zafi ke buɗewa, a tura ruwa da tiyo ta ƙasa ya fito ta sama, saɓanin yadda ya saba gudana, har ya fito garau. Sa'an nan a mayar da kome, a zuba haɗi irin na da tare da tataccen ruwa marar gartsi, a tā da inji har ya yi zafi iska ta fita, in ya huce a cika. Tsohon ruwan kuwa kada a zubar inda yara ko awaki za su kai baki, domin gilaikol yana da zaƙi, kuma guba ne mai lalata ƙoda.

Malamin da ke koyar da wannan aiki, ya kamata ya koyar da dalilinsa tare. Ɗalibin da ya san sanyi ne ya kawo maganin, tsatsa kuwa ta zaunar da shi, zai riƙa tsiyaye ruwan kowace shekara biyu ba sai mota ta tafasa ba.