Littafin Cefanen Umma: Daga Udoji Zuwa Afafata

Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, don haka masu jiran ci gaban labari ku yi mini afuwa. Kwanakin baya ne muna kwashe kayan ɗakin mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, sai na ci karo da wani tsohon littafin rubutu irin na 'yan firamare a ƙasan adakarta, duk ya sha manja. Ina buɗawa na ga lissafin cefanen gidanmu ne, mako bayan mako, da irin rubutun nan nata mai kama da tafiyar kaza. Na zauna a ƙasa ina karantawa har aka kira magariba ban sani ba. Shi ne na ce bari in ba ku tarihin tukunyar gidanmu, domin na san ta gidaje da yawa ce a birnin Kano.

An kawo Umma gidan Baba ne a 1974, shekara guda bayan naira ta maye gurbin fam a watan Janairun 1973. Har ta bar duniya ba ta daina cewa sule ba in tana nufin kwabo goma. Baba ƙaramin akawu ne, kuma amarci bai ƙare ba sai ga ƙarin albashin Udoji, wanda gwamnatin Gowon ta biya a farkon 1975 har da ariyas. Umma ta ce a watan nan ba wanda ba ya baƙi a unguwa, wannan ya sayo rediyo, wancan keke, wani kuwa ya ƙaro mata. To amma 'yan kasuwa ma ai suna da kunne. Kafin a ce kwabo farashi ya bi albashi ya wuce shi, ga kuma farin da aka sha tsakanin 1972 da 1974 ya taɓa hatsi, sannan cuta ta faɗa wa gyaɗa a 1975, abin da ya ƙarasa dalar gyaɗar Kano ke nan. Mai karatu, kada ka ɗauka wannan zancen manyan 'yan kasuwa ne kawai. Gyaɗa ita ce man miya, ita ce ƙuli-ƙulin kwaɗo, ita ce sana'ar matan kulle.

Tsarin gidanmu shi ne, in an yi albashi Baba zai auno dawa da gero da wake na wata, sannan duk ranar Juma'a in ya dawo masallaci ya miƙa wa Umma kuɗin cefanen mako. Daga nan ya wanke hannunsa. Kayan miya, gishiri, daddawa, kuɗin niƙa, itace, sabulun wanke-wanke, duk a ciki. Ko sun isa ko ba su isa ba, shi dai ya san bayan isha'i za a ajiye masa kwano da ɗumi. Ban faɗi haka don in ci mutuncinsa ba, haka ya taras ana yi, kuma ko sau ɗaya bai taɓa fashin Juma'ar nan ba.

Littafin ya fara ne daga 1982. Dalili kuwa, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, Umma na cikin matan auren da suka shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma abin da ta fara yi da iliminta ke nan, lissafin tattasai. A shafukan farko za ka ga shinkafa sau biyu har sau uku a mako. Zamanin Shagari ne, jiragen ruwa na ta sauke shinkafar waje, wadda mu dai muka taso muka ji ana kiranta 'yar gwamnati. Ba tsakuwa, ba sai an rege ba, mata suka ji daɗi. Kafin wannan lokaci shinkafa a gidan talaka abincin sallah ce da suna. A shekarar 1982 ɗin dai kuɗin man fetur suka ja baya a duniya, gwamnati ta shelanta tsuke bakin aljihu, sai ka ga shinkafar na raguwa a littafin kamar ruwan randa. A 1984, zamanin Buhari na soja, layi ake bi a sayi madara da sukari da sabulu, soja na tsaye da bulala. Umma ba ta fita, don haka yayanmu ne ke sammakon layi, ta kuma rubuta har da kwabban da take ba shi na ƙosai.

Inda na fi daɗewa shi ne shafukan 1986 zuwa 1989, saboda nan ne ni ma na fara wayo. Babangida ya hana shigo da shinkafa a 1985, ya kawo shirin SAP a 1986, aka karya darajar naira, wadda da take kafaɗa da kafaɗa da dala ta koma sai ka ba da wajen huɗu a ba ka ɗaya. A 1987 aka hana shigo da alkama, burodi ya zama na masu hali. Albashin Baba bai motsa ba, kuɗin Juma'a ma haka. A nan ne na ga aikin Umma. Nama ya tashi daga kullum ya koma Juma'a kaɗai, daga baya ya koma ƙashi da ake sa wa miya don ƙamshi, a tsame shi a mayar gobe. Ranar Asabar tuwon dawa miyar kuka, a tuƙa da yawa don a samu ɗumamen safe, kuɗin koko ya huta. Lahadi ɗanwake, shi ba ya son komai sai garin rogo da na wake da kuka da ɗan kanwa, a zuba mai da yaji. Tsakiyar mako dambu da zogalen da ke bayan ɗaki, ko faten tsaki da yakuwa da rama. Ranar Alhamis, lokacin da kuɗi suka ƙare ƙaf, sai abin da Allah Ya hore, sau da yawa ƙanzon da ta tara ta shanya ne za a jiƙa a kwaɗa da ƙuli. Mu yara murna muke yi da ranar ƙanzo, wallahi ban san ranar babu ba ce sai da na ga shafin Alhamis fari fat, mako bayan mako.

Tana da dabarun da ba ta rubuta ba amma na gani da idona. In kaka ta yi, tumatirin Kadawa ya cika 'Yankaba har ana zubarwa, sai ta saya da kwando, mu yanka mu shanya a kan rufi, kauɗar nan ita za ta kai mu damina. Haka kuɓewa, haka tattasai. Wake kuwa tun dare take jiƙa shi, ta jefa kanwa, don kada ya cinye itace. Dunƙulen Maggi guda take rabawa biyu ta cike da daddawa, tana cewa Maggi baki yake yaudara, daddawa ce ke riƙe miya. A gefen wasu shafukan kuma akwai wani ɗan lissafi daban da ta yi wa alamar tauraro. Na daɗe ban gane shi ba, sai ƙanwarta ta warware mini: kuɗinta ne na kitso da saƙar hula da take cusawa a cefane ba tare da Baba ya sani ba. Wasu makonnin na tauraron ya fi na Juma'a yawa. Ya rasu yana yabon kansa cewa bai taɓa barin gidansa da yunwa ba, ita kuma ba ta taɓa gyara masa zancen ba.

Shekarun 1990 kananzir ne ya yi ɓatan dabo, risho ya koma ado, aka koma gawayi da garin katako, har murhun ya samu sunan Abacha. A lokacin ne kuma awara ta shigo unguwarmu ta zama naman yara, Indomie ta biyo baya ta lalata musu baki. Littafin ya tsaya a 1998, shekarar da aka yi mini aure, kamar ta ce to ga naki.

A nan zan yi wa kaina da 'yan uwana marubuta tsiya kaɗan. Littafi nawa muka rubuta wanda amarya ke shiga kicin ta fito da farfesun kaji da soyayyen dankali da lemo kala uku a kan tire? Ni kaina na sha rubuta haka alhali garau-garau ke kan wuta a gidana, man ma da cokali nake auna shi. Mun koya wa 'yan mata cin daɗi a takarda, ba mu koya musu yadda ake raba kwanon wake ya kai Alhamis ba, kuma na san aure fiye da ɗaya da ya mutu a kan kuɗin cefane, ba a kan kishiya ba.

Nawa zamanin kun san shi. A 2016 tsutsa ta cinye tumatir, muka koma kauɗa da na gwangwani. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakoki, muka koma rege 'yar Hausa kamar iyayenmu. Farkon 2023 takardar kuɗin ma ta ɓace saboda canjin naira, kana da kuɗi a banki mai kayan miya ya ce shi bai san taransifa ba. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin fetur, kuɗin mota ya hau kan kowane kwano da ke fitowa daga Dawanau. A farkon 2024 mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano kan tsadar fulawa, mutane kuma suka koma sayen afafata, shinkafar da a da masu inji ke warewa a sayar wa masu kiwon kifi. Na saya, ba zan ɓoye ba. Sau huɗu na wanke ta, na soya albasa da daddawa na zuba, yarana suka cinye suna santi. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, sai na tuna da labarin Udoji na yi murmushi.

Maigidana shi ma ranar Juma'a yake bayarwa, sai dai ta waya yake turowa. Jiya na aiki ƙaramar 'yata shago ta sayo mini littafin rubutu mai shafi arba'in. Ta tambaye ni ko sabon labari zan fara, na ce mata ta je ta jiƙa waken gobe tukuna.