Yadda Ƙwan Kaza Ya Yi Laushi a Bomo

A zamanin kakanninmu a Bomo, kaza ba ta da kwanon abinci. Da sassafe a buɗe akurki, a watsa mata ɗan tsaki ko dusar surfe, sauran ta nema da ƙafarta: gara a gindin danga, tsutsa a juji, ɓurɓushin ƙashi a cikin toka, katantanwa a bakin fadama idan damina ta sauka. Ta zuba ƙwai goma sha biyu ko sha biyar, ta yi kwanci kwana 21, ta ƙyanƙyashe, sannan ta yi watanni tana jan 'yan tsaki tana faɗa da shirwa. Zubi uku a shekara, ƙwai 36 zuwa 45 ke nan. Tsakanin zubi da zubi jikinta na hutawa, ƙashinta na mayar da abin da ya rasa. Shi ya sa innata kan ba mu labarin fakat, annobar da ke share akurki da hunturu, amma ƙwan da ya fito ba ɓawo ba ya cikin labaranta.

Ƙwan ma na ƙyanƙyasa ne, domin kaza ita ce asusun mace, ta baƙo da ta suna da ta kuɗin magani. Wanda ake dafawa a kai talla na zabi ne, da damina, mai ɓawo da tauri har yara na gwada shi a haƙori kafin su saya.

Canjin daga maƙwabtanmu ya shigo. A 1922 Turawa suka kafa tashar binciken noma a Samaru, a 1928 aka buɗe gonar dabbobi a Shika, a 1962 Jami'ar Ahmadu Bello ta zauna a gefenmu. Malamai, ɗalibai, da masu shayin Samaru da Sabon Gari, duk suna son ƙwai kullum, kuma da kiret. Kazar Hausa ba za ta iya ba. Sai kajin gidan gona suka shigo, aka soma kiwon da ake lissafa shi da buhu. Gonar Shika ta zama cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a 1976, kuma daga can aka fitar da Shika Brown a shekarar 2000, kaza mai jure zafinmu da kan yi ƙwai fiye da 250 a shekara. Ni dai ina alfahari da cewa a ƙasar Zazzau aka samar da ita.

Irin waɗannan kaji ba su tsaya a gidan gona ba. Mata suka riƙa sayen 'yan tsaki a kwali, ko tsofaffin kajin ƙwai da gonaki ke zubarwa kasuwa gab da Sallah, suka kawo su tsakar gida suka ba su abin da suka ga iyayensu na bayarwa, wato dusa. A nan ne, a ganina, matsalar ta samo tushe. Ɓawon ƙwai ɗaya na ɗauke da kalsiyam kusan giram 2, kuma kaza na shafe kusan awa 20 tana gina shi, akasari cikin dare. Mai yin ƙwai kullum na bukatar kusan giram 4 a abincinta kowace rana. Masara da dusa kuwa kusan babu shi a cikinsu. Kazar sai ta ci bashi daga ƙashinta, har ranar da za a tarar da ƙwai a akurki yana lotsewa a hannu, ita kuma ta kasa tsayuwa da ƙafafunta. Ga zafin Maris da Afrilu, lokacin da take haki baki buɗe, wanda shi ma ke rage kaurin ɓawo.

Tun tsarin tattalin arziki na SAP na 1986 buhun abincin kaji ke neman gagarar mai ƙaramin ƙarfi. Filayen da kaza ke tono kuma gidajen haya sun cinye da yawansu, an zuba siminti a tsakar gida. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake ɗora laifin a kan matar, a ce ba ta iya kiwo ba, ko ita ta ce baki ne ya kama kajinta, alhali mai sayar mata da 'yan tsakin bai taɓa gaya mata kazar ta canza ba.

Gyaran ba shi da tsada. Ɓawon ƙwan da aka ci, a gasa shi a daka. Ko garin ƙashi da niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa da masu abincin kaji ke aunarwa, ba wadda ake shafen ɗaki da ita ba. A zuba a kwano daban da yamma, mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, don ya daɗe a cikinta har dare. A bar ta ta sha hantsi, da ruwa mai sanyi a inuwa. Idan kuwa garken ne duka ya juya a 'yan kwanaki, ga tari ga zawo, to wannan ciwo ne. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jaji a Fabrairun 2006 mutanen yankin nan suka san ba a jira da irin wannan, kuma asibitin dabbobi na jami'a yana nan Samaru.