Kakakin Majalisa da Kujerar Gwamna: Abin da Ya Faru a Yola a 2014

Kakakin majalisa ɗan majalisa ne da takwarorinsa suka zaɓa daga cikinsu domin ya jagoranci zama. Shi ke ba da izinin magana, shi ke hanawa, shi ke sa ƙuduri a ƙuri'a ya kuma faɗi ɓangaren da ya yi rinjaye. Kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi shugabannin Majalisar Dattawa da ta Wakilai a sashe na 50, na majalisun jihohi kuma a sashe na 92. Mai jagorantar zama ba ya kaɗa ƙuri'a sai an yi kunnen doki, ba a kuma sauke shi sai da amincewar kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar. Duk wannan tsari ne irin na alƙalin wasa. Sai dai kundin ya ɗora masa wani abu da bai jitu da alƙalanci ba, wato gadon kujera. In aka rasa shugaban ƙasa da mataimakinsa a lokaci guda, sashe na 146 ya ce shugaban Majalisar Dattawa ne zai riƙe ƙasa na tsawon da bai wuce wata uku ba. In gwamna da mataimakinsa ne, sashe na 191 ya ba kakakin majalisar jiha riƙon. Sau uku Adamawa ta ga kakakinta a Gidan Gwamnati na Dougirei tsakanin 2008 da 2014, kuma na ukun ne har yau ake gardama a kansa a majalisun hira na Yola da Jimeta.

Daga Ingila aka gaji muƙamin. Tun 1377 aka san mai riƙe da shi a can, kuma aikinsa na farko shi ne isar wa sarki da matsayar majalisa, aikin da kan jawo wa mai yin sa fushin fada. A Janairun 1642 Sarki Charles na Ɗaya ya kutsa zauren da kansa yana neman 'yan majalisa biyar, kakaki William Lenthall ya ƙi nuna masa inda suke, ya ce majalisa yake yi wa aiki. A hankali al'ada ta kafu cewa wanda ya zama kakaki a Ingila yakan ajiye jam'iyyarsa. Najeriya ta ɗauki sandar majalisa da yawancin ƙa'idojin zama, amma wannan al'adar an bar ta a can.

A Legas, Bature ne, Frederic Metcalfe, ya jagoranci Majalisar Wakilai kafin Jaja Wachuku, ɗan ƙasa na farko a kujerar. Bayan samun 'yanci Alhaji Ibrahim Jalo Waziri na Gombe ya karɓa, ya riƙe har juyin mulkin Janairun 1966. A waɗannan ranaku ne aka fara ganin nauyin gadon: Shugaban ƙasa Azikiwe ba ya ƙasar, shugaban Majalisar Dattawa Nwafor Orizu ne ke riƙo, kuma shi ya sanar da miƙa mulki ga Janar Aguiyi-Ironsi. Da farar hula suka dawo a 1999, kujerar ta zama mai zafi. Kakakin Majalisar Wakilai Salisu Buhari na Kano bai cika wata biyu ba ya sauka saboda takardun bogi, Majalisar Dattawa kuwa ta yi shugabanni biyar kafin 2007. Ghali Umar Na'Abba da Aminu Waziri Tambuwal sun nuna cewa kakaki na iya tsayawa ƙyam a gaban fadar shugaban ƙasa. Amma a tarayya babu wanda gadon ya faɗo wa tun daga 1999. A jihohi aka gwada shi.

Karo biyun farko a Adamawa kotu ce ta jawo su. Ranar 26 ga Fabrairun 2008 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da soke zaɓen Gwamna Murtala Nyako, saboda hukumar zaɓe ta hana ɗan takarar AC, Ibrahim Bapetel, shiga. Kakaki James Barka ya riƙe jihar wata biyu, aka sake zaɓe, Nyako ya dawo a ƙarshen Afrilu. Ba a jima ba majalisar ta yunƙura za ta tsige shi, sai da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya shiga tsakani. Karo na biyu ya zo ranar 27 ga Janairun 2012, da Kotun Ƙoli ta ce wa'adin gwamnoni biyar, har da Nyako, ya ƙare tun Mayun 2011. Sabon kakaki, Ahmadu Umaru Fintiri mai wakiltar Madagali, ya yi riƙon 'yan kwanaki, Nyako ya sake cin zaɓen 4 ga Fabrairu. A duka biyun kakaki bai da hannu a faɗuwar gwamna. Kujera ce ta same shi yana zaune.

Na 2014 daban ne. A Nuwamban 2013 Nyako, wanda mutane ke kira Baba Mai Mangwaro, ya bi gwamnoni huɗu daga PDP zuwa APC bayan doguwar rigima da shugaban PDP na ƙasa Bamanga Tukur, shi ma ɗan jihar. Mataimakinsa Bala James Ngilari bai bi shi ba, majalisar ma ta zauna a hannun PDP. A Afrilun 2014 gwamnan ya rubuta wa gwamnonin Arewa wata wasiƙa mai zafi yana zargin gwamnatin Goodluck Jonathan da kisan ƙare-dangi a Arewa da sunan yaƙi da Boko Haram. Jihar kuwa tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun Mayun 2013.

A tsakiyar Yuni 'yan majalisa suka gabatar da takardar tuhuma a kan gwamna da mataimakinsa duka. A nan ya kamata a duba yadda sashe na 188 ya tsara aikin, domin kowane mataki ta hannun kakaki yake bi. Shi ake miƙa wa takardar, ɗauke da sa hannun aƙalla kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa. Shi zai isar da ita ga wanda ake tuhuma cikin kwana bakwai. In kashi biyu cikin uku suka yarda a bincika, wato mutum 17 a majalisa mai kujeru 25, shi zai nemi babban jojin jiha ya naɗa kwamitin mutum bakwai. Shi kuma zai jagoranci zaman da za a karɓi rahoton. In gwamna kaɗai aka tsige, mataimaki ne zai hau. In an haɗa su biyu, wanda ya gudanar da dukkan wannan aiki shi ne zai hau.

Majalisa ta ce ta nemi Nyako ta miƙa masa takardar hannu da hannu ba ta same shi ba, don haka ta buga ta a jarida. Muƙaddashin babban joji, Mai shari'a Ambrose Mammadi, ya naɗa kwamiti ƙarƙashin Buba Kaigama. Gwamna ya ba da hutun kwana biyu a jihar domin addu'a, abin da aka fassara da neman jan ƙafa. Bai hana komai ba. Kundi ya ba kwamiti wata uku, wannan bai cika mako biyu ba ya gama, ba tare da Nyako ya bayyana gabansa ba. Ranar Talata 15 ga Yuli, ana cikin azumi, aka fara karanta takardar murabus ɗin Ngilari a zauren majalisa aka amince da ita, sannan aka karɓi rahoton aka tsige Nyako. Fintiri ya zama muƙaddashin gwamna.

Bayani biyu ne ke yawo a kan wannan rana. Na majalisa shi ne almundahana da dukiyar jiha ce ta ci gwamna, kuma masu wannan ra'ayi kan kafa hujja da cewa a 2015 hukumar EFCC ta gurfanar da shi kan zargin naira biliyan 29, ga kuma kukan ma'aikata a kan albashi da ƙorafin cewa iyalinsa sun yi kane-kane a mulki. Na magoya bayansa shi ne daga Abuja aka shirya abin, domin a ƙwace jihar kafin zaɓen 2015. Ƙorafin da ake yi da mulkin Nyako ba ƙirƙira ba ne, amma bai bayyana lokacin da aka zaɓa ba: majalisar ta zauna da shi shekaru, ba ta kai ga tsigewa ba sai da ya sauya sheƙa ya kuma rubuta wasiƙa. Mafi ƙarfin shaida ma shi ne abin da aka yi wa Ngilari, ɗan PDP da bai bar jam'iyya ba. In gyara ake nema, barinsa ya hau ya isa. Kawar da shi ba ta da amfani sai ga mai son a buɗe kujerar gaba ɗaya. An taɓa ganin irin haka a Ekiti a Oktoban 2006, inda aka tsige Ayo Fayose da mataimakiyarsa, kakaki ya hau, rikici ya kai Shugaba Obasanjo ga kafa dokar ta-ɓaci.

Hukumar zaɓe ta sa 11 ga Oktoba domin cike gurbi. Fintiri ya nemi takara. Kwamitin tantancewa na PDP ya hana shi, kwamitin sauraren koke ya wanke shi, ya ci zaɓen fid da gwani a farkon Satumba bayan Nuhu Ribadu da wasu sun janye. APC ta tsayar da Sanata Jibrilla Bindow. Ana wannan ne Boko Haram ta mamaye Madagali da Gulak, mahaifar muƙaddashin gwamnan, 'yan gudun hijira suka yi ta kwararowa Yola.

Abin da ya rushe shirin layi ɗaya ne a saman takarda. Ngilari ya tafi Babbar Kotun Tarayya a Abuja, lauyansa Festus Keyamo ya nuna sashe na 306: gwamna kan aika murabus ɗinsa ga kakaki, mataimakin gwamna kuma ga gwamna. Takardar da aka karanta a zaure kakaki aka rubuta wa, alhali a sa'ar nan Nyako ne gwamna. Ranar Laraba 8 ga Oktoba, saura kwana uku zaɓe, Mai shari'a Adeniyi Ademola ya ce murabus ɗin bai inganta ba, ya ba da umarni a rantsar da Ngilari, a kuma dakatar da zaɓen. A ranar aka rantsar da shi. Riƙon Fintiri ya ƙare bai kai wata ukun da kundi ya ba shi ba. Mako uku bayan nan Mubi ta faɗa hannun Boko Haram.

Sashe na 188 ya ce kotu ba ta da hurumi a sha'anin tsigewa, amma tun shari'ar Rashidi Ladoja na Oyo a ƙarshen 2006 Kotun Ƙoli ta ce wannan kariya ta majalisar da ta bi ƙa'ida ce. Ta wannan ƙofa Nyako ya shiga. A Fabrairun 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Yola ta soke tsigewar, domin ba a miƙa masa takardar tuhuma hannu da hannu ba, ba a kuma ba shi damar kare kansa ba, ta ce a biya shi haƙƙoƙinsa. A Disamban shekarar Kotun Ƙoli ta ƙi mayar da shi kujera. Lokacin Bindow ya riga ya ci zaɓen 2015 yana mulki. Fintiri ya kayar da shi a 2019 bayan zaɓen raba gardama, ya sake cin na 2023 a kan Sanata Aishatu Binani.