Reggie White

Reggie White ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne irin ta Amurka, wanda masana wasan ke sa shi a sahun gaba cikin 'yan layin tsaro da aka taɓa yi a gasar NFL. An haife shi ranar 19 ga Disamba, 1961, a birnin Chattanooga na jihar Tennessee. Tun yana ɗan shekara 17 aka naɗa shi mai wa'azi a cocin Baftis, kuma daga nan ne laƙabinsa na "Ministan Tsaro" ya samo tushe, domin a Turanci ana kiran mai wa'azi "minister". Ya buga wa Jami'ar Tennessee daga 1980 zuwa 1983, sannan ya yi kaka biyu a ƙungiyar Memphis Showboats ta gasar USFL kafin Philadelphia Eagles ta ɗauke shi a 1985.

Aikin ɗan layin tsaro shi ne ya keta katangar ƙattin da ke kare mai jefa ƙwallo, ya kayar da shi tun ƙwallon ba ta bar hannunsa ba. Da yawan irin wannan kayarwa ake auna gwanintarsa. White yana da tsawon kusan mita biyu da nauyin sama da kilo 130, amma duk da wannan jiki yana da gudu. Dabarar da aka fi saninsa da ita ita ce ya ruɗi mai tare shi har ya karkata gefe guda, sai ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin hammatarsa ya wurgar da shi. A ƙarƙashin koci Buddy Ryan ya kai ƙololuwa: a 1987, shekarar da yajin aikin 'yan wasa ya rage wasanni, ya kayar da masu jefa ƙwallo sau 21 cikin wasa 12 kacal, aka zaɓe shi gwarzon ɗan tsaro na shekara. Ya bar Eagles da kayarwa 124 a wasa 121, wato fiye da ɗaya a kowane wasa, abin da ba kasafai ake gani ba.

Tasirinsa a wajen fili bai gaza na cikin fili ba. A wancan lokaci ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare ba ya da cikakken ikon zaɓar inda zai koma. White ne ya jagoranci ƙarar da 'yan wasa suka shigar a kan NFL, kuma sasantawar da aka yi a 1993 ta ba su wannan 'yanci. Manyan ƙungiyoyi suka yi ta zawarcinsa, amma sai ya zaɓi Green Bay Packers kan dala miliyan 17 na shekara huɗu. Green Bay ƙaramin gari ne mai tsananin sanyi a jihar Wisconsin, wanda fitattun 'yan wasa baƙar fata ba su cika sha'awar zuwa ba. Zuwansa ya buɗe wa wasu hanya. A Janairun 1997 Packers ta doke New England Patriots da ci 35 da 21 a wasan ƙarshe na Super Bowl, inda White ya kayar da mai jefa ƙwallon Patriots, Drew Bledsoe, sau uku.

A 1998 ya sake zama gwarzon ɗan tsaro na shekara. A shekarar ce kuma ya yi wani jawabi a majalisar dokokin Wisconsin, inda kalamansa kan ƙabilu da kan masu luwaɗi suka jawo masa suka mai yawa. Ya yi ritaya, ya dawo ya buga wa Carolina Panthers a 2000, sannan ya ajiye wasa da kayarwa 198, adadin da babu wanda ya wuce sai Bruce Smith a 2003.

A shekarunsa na ƙarshe ya duƙufa wajen koyon Ibrananci don ya karanta littattafan addininsa a harshensu na asali. Ya rasu ranar 26 ga Disamba, 2004, a jihar North Carolina, yana da shekara 43, sakamakon matsalar bugun zuciya. A 2006 aka shigar da sunansa zauren tunawa da gwarazan wasan da ke Canton a jihar Ohio. Eagles da Packers da Jami'ar Tennessee duk sun daina ba kowa lambarsa ta 92.